Farar Tururuwa

Kai ma ka gan su, kada ka ce ba ka gani ba. Ka ga layinsu a jikin bangon gidanku tun farkon bazara, ka ɗaga ƙafa ka tsallake, ka ce ai kowace shekara haka suke yi. Ka ga garin ƙasa yana zubowa daga rufi a kan tabarma, ka sa aka share, washegari ya sake zubowa ka sake sa aka share. Ko sau ɗaya ba ka ɗaga kai ba. To, zauna ka ji abin da ya faru a gidan dattijo Amm Gabir na ƙauyen Naga Tarfa, gidan da bai bambanta da naku da komai ba.

Tururuwa ta shigo gidan a makon farko na Ba'una, watan da muke cewa zafinsa yana fasa dutse. Badriyya, 'yar Amm Gabir, ita ta fara ganinsu da safe, tana ɗauke da kwaɓin burodi za ta ajiye a rana ya tashi. Baƙaƙe ne manya, sun fito daga gindin randa sun ratsa tsakar gida a layi ɗaya. Ta yi abin da kowace mace ke yi a garin: ta ɗora tulun zumar rake a cikin faranti mai ruwa, ta ɗaure bakin gwangwanin sukari da tsumma, ta zuba gishiri a bakin ƙofar madafa. Ta ci gaba da aikinta.

Aikin kuwa ba kaɗan ba ne. Shekararta talatin da takwas, mijinta ya rasu, ta dawo gida a shekarar da ɓarin jikin mahaifinta ya shanye. Ita ke juya shi, ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki. Yana kwance a ɗakin gaba, ɗakin laka, wanda ya fi kowane ɗaki sanyi, ƙarƙashin azarar dabino guda bakwai da ya sara ya ɗora da hannunsa a shekarar da ya yi aure. Ciwon ya tafi da maganarsa, sai 'yan kalmomi da ke fita da ƙyar. A makon nan kuwa kalma ɗaya ta rage masa. Da safe, da rana, duk wanda ya shigo, sai ya kafe shi da ido, ya mayar da idon sama, ya ce:

"Fara."

Badriyya ta ɗauko masa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya ture da hannunsa mai lafiya. Ta dafa masa farar shinkafa da madara, ya kawar da kai.

Gwaggo Wahiba, ƙanwar tsohon, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da nasu, ita ta kawo fassara. Ta zauna a bakin gado ta fyace hanci da gefen mayafinta.

"Farar tufa yake gani, 'yar nan. Ba ki ga idonsa kullum a sama ba? Ɗan'uwana ya fara hango hanya."

"Gwaggo, jiya ƙwai biyu ya ci."

"Mijina ma rabin agwagwa ya ci ranar da ya tafi."

Da ta fito ta ga layin tururuwa sai hawayen ya bushe nan take. Ta tsuguna ta dube su da kyau, kamar mai duba shinkafa a kasuwa.

"Hassada ce," ta ce. "Tururuwa ba ta shiga gidan da ba a sa wa ido ba."

Da ɗan jin daɗi ta faɗa, don a wurinmu wanda aka yi wa hassada mai abu ne.

"Me za a yi mana hassada a kai? Akuya ɗaya da tsoho a kwance?"

"Ke dai da bakinki kamar almakashi. Ɗakin simintin da ƙanenki Dahi ya gina fa? Matar maƙwabcinku Shahhat ta tsaya kallonsa har mayafinta ya zame ba ta sani ba."

Ta yanka takarda ta yi 'yar tsana, ta yi ta huda ta da allura tana kiran sunayen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, daga idon wance, daga idon wane, har da mai sayar da iskar gas. Ta ƙona ta tare da alif a kasko, ta zaga gidan da hayaƙin. Sannan ta tsaya a kan layin tururuwar ta yi musu magana a hankali, ta ba su kwana uku su fita don alƙawarin da ke tsakaninsu da Annabi Sulaiman.

"Kada ki kuskura ki zuba musu kananzir," ta ce wa Badriyya. "Ba a kashe tururuwa. Magana ake yi mata."

Kwana uku suka cika, layin ya zama biyu.

A rana ta huɗu ne Badriyya ta lura da abin da ya kamata ta lura da shi tun farko. Gishirin da ta zuba a ƙofar madafa yana nan yadda ta zuba shi, babu sawu ko ɗaya. Babu tururuwa ko guda a cikin ruwan farantin zuma. A watan Ba'una, a gidan da ke da tulun zumar rake, tururuwa ta wuce madafa ba ta ko leƙa ba. Ta ajiye tsintsiya ta bi layin da ido. Ya ratsa tsakar gida, ya shiga ɗakin mahaifinta, ya bi ta bayan gado, ya hau bango, ya ɓace a inda kan azara ta uku ya shiga cikin laka. Masu hawa ba sa ɗauke da komai. Masu saukowa kuwa kowace tana ɗauke da wani abu fari kamar gutsuren shinkafa.

Ta tare ɗaya da yatsa ta karɓe kayanta. Abin yana da laushi, yana da ƙafafu, yana motsi. Tururuwar ba zaƙi ta zo nema ba, farauta ta zo, kuma abin farautar yana cikin rufin.

Ga inda harshenmu ya cuce mu. Wasu mutanen suna da suna daban na wannan ƙwaro, suna ce masa gara, da an ambace ta kowa ya san rushewa ake nufi. Mu kuwa farar tururuwa muke ce mata, kamar ƙanwar baƙar ce da ba ta shiga rana ba. Duk hurumin da muka ba baƙar sai farar ta shige ƙarƙashinsa ta zauna. Ba a tsoronta, ba a gaggawa a kanta, hayaƙi ake yi mata da lallashi, ita kuwa tana cin gidan daga ciki.

Badriyya ta juyo da ƙwaron a tafin hannunta. Tsohon yana kallonta.

"Baba, farar tururuwa? Ita kake faɗa?"

Ya buga gefen gado da hannunsa mai lafiya, sau uku, da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba. Sai a lokacin ta kalli bargon da ke ƙirjinsa, wanda take kakkaɓewa kowace safiya tana zagin iska. Garin da ke kai ba ƙura ba ce. Garin itace ne. Mako guda mutumin nan yana kwance yana kallon abin da zai faɗo masa, yana faɗa da iya abin da ya rage a bakinsa, su kuwa suna dafa masa shinkafa.

Dahi, ƙanenta, direban motar haya ne tsakanin ƙauyen da garin Kom Ombo, kuma shi ne namijin gidan tun da uban ya kwanta. Ya dawo bayan azahar, ya zauna gaban miyar lalo da burodi. Ta bari ya kai rabi sannan ta ajiye masa ƙwaron a gefen tire.

"Wannan kuma nama ne?"

"Daga azarar ɗakin Baba. A fitar da shi yau."

"A kai shi ina? Ɗakina? Shiga ki taɓa bangon. Siminti a Ba'una tanda ce, kwana biyu zai yi ya gasu."

Gaskiya ya faɗa, ta kuma sani.

"Rumfar inabi, kusa da randa. Akwai inuwa, akwai iska."

Dahi ya ajiye burodin.

"Tsakar gida? Mutumin da dattawan gari ke zuwa gaishe shi kullum bayan la'asar? Su shigo su tarar mun shimfiɗa ubanmu kusa da akuya kamar tsohuwar tabarma? Kuma a ce saboda me? A ce gidan Gabir farar tururuwa ta cinye shi 'ya'yansa suna kallo?"

"Ai kallon muke yi."

"Sannu, injiniya Badriyya. Wane gida ne babu tururuwa a garin nan? Fara, baƙa, ja, duk bazara ce ke kawo su, sanyi ya kore su."

"To kira Usta Hifni kafinta ya duba. In ya ce lafiya, na yi shiru."

Ya yarda don ya samu ya ƙarasa cin abincinsa.

Usta Hifni kafinta ya zo washegari da hantsi. Tsoho ne gajere, da fensir a bayan kunne. Ya gaishe da Amm Gabir, ya sumbaci goshinsa, ya hau kan benci Badriyya tana riƙe masa. Ya ƙwanƙwasa azara ta farko da ƙotar guduma, ta amsa da nauyi. Ta biyu ma haka, da ɗan sauƙi. Ta uku ta yi ƙara irin ta ƙwaryar da ba komai a ciki. Ya zaro ƙusa daga aljihu ya danna da babban yatsa, ba guduma, ƙusar ta shige har kai. Ya sauko a hankali.

"Ɓawo ne kawai ya rage," ya ce mata ƙasa-ƙasa. "Ta uku da ta huɗu, wataƙila har ta biyar. Daidai kan gadon."

Dahi yana zaune a zaure da shayi yana jiransa. Badriyya ta tsaya a bayan ƙofa.

"Usta, ubana ne ya ɗora azarar nan da hannunsa. Shekara arba'in da biyar ko ɗigo ba ta taɓa yi ba."

"Aikin mutanen da ne, ba irin na yanzu ba."

"Mata kuwa ka san su, ƙwaro ɗaya sai su tara gari."

Usta Hifni ya kurɓi shayi, ya dubi ƙasan kofin.

"Ta ɗan taɓu, ba za a ce ba ta taɓu ba. Amma za ta kai kakar dabino in Allah Ya yarda. In zafi ya wuce sai mu duba."

Kakar dabino saura wata uku. Badriyya ta tare shi a ƙofar gida yana gyara zaman jakarsa a kan keke.

"Usta, wacce ce gaskiya? Wadda ka faɗa min, ko wadda ka faɗa masa?"

"Duka biyun, 'yata. Zai yiwu ta kai, zai yiwu ba za ta kai gobe ba."

"To me ya hana ka faɗa masa ta biyun?"

"Ba na shan shayin mutum in ce masa gidansa ruɓaɓɓe ne."

Ya hau kekensa ya tafi. Mutumin kirki ne, kowa zai shaida. Garinmu cike yake da irinsu, kuma a hannunsu yake rushewa.

Da gari ya waye, bayan Dahi ya fita da mota, Badriyya ta share ƙarƙashin rumfar inabi ta yayyafa ruwa. Ta janyo katifarta ta shimfiɗa a kan benci biyu. Ba za ta iya ɗaukar tsohon ba, don haka ta zamo shi daga gado zuwa kan bargo, kafaɗa tukuna sannan ƙafafu, ta naɗe bakin bargon a hannuwanta ta yi ta ja da baya. A bakin ƙofa ƙugunsa ya bugi dokin ƙofa, ya yi nishi, ta ce "Yi haƙuri, Baba," ta ci gaba da ja. Kafin ta ɗora shi a katifa rigarta ta jiƙe sharkaf. Ta ba shi ruwan randa. Ya sha, ya dubi ganyen inabi a samansa, ya yi barci irin wanda bai yi ba duk makon.

Gwaggo Wahiba ta shigo ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni! Da ransa kika fitar da shi?"

"Don ya ci gaba da zama da ransa, Gwaggo."

"Tururuwa ce fa kawai! Jiya na sake yi musu magana."

"Waɗannan kurame ne."

Kafin azahar labari ya gama gari. Dahi ya ji shi a tasha, daga bakin mai shayi. Ya shigo gidan ko sallama bai yi ba, ya tsaya ya dubi ubansa a ƙarƙashin rumfa, akuya tana tuƙa a gefe.

"Kin san abin da aka ce min a gaban mutane? Wai ko mun sa ɗakin a haya ne."

"Ka ce musu e, masu hayar farare ne."

"Ba wasa nake yi ba. Usta ya ce za ta kai kaka, a kunnenki."

"A kunnena ya ce ɓawo ce."

"Ni bai faɗa min ba." Ya sassauta murya, don tsohon ya buɗe ido. "Ji nan, Badriyya. Zan je la'asar. Daga masallaci zan taho da mutum biyu mu mayar da shi ɗakinsa da mutuncinsa, kafin dattawa su zo gaisuwa. In kin sake taɓa shi, ni da ke ne."

Ya fita. Gwaggo Wahiba ta bi bayansa tana ba shi gaskiya.

Badriyya ta tsaya a tsakar gida. Ta san ƙanenta ba mugu ba ne, kuma ta san zai yi abin da ya ce. Za su mayar da shi, gobe ta fito da shi, jibi su mayar, har ranar da azarar za ta raba gardama. Muddin ɗakin yana tsaye, a ciki tsohon zai kwana. Liman ya tayar da salla, tana jin lasifika.

Ta shiga ɗakin da sauri ta kwaso abin da za ta iya: akwatin tufafinsa, rediyo, hoton mahaifiyarta, magunguna. Gadon ya fi ƙarfinta, ta bar shi. Ta zaga bayan gida ta ɗauko doguwar gora mai lauje a baki, wadda ake saran busasshen ganyen dabino da ita. Sannan ta zo ta durƙusa gaban mahaifinta, gorar a hannunta.

"Baba, zan sa hannu a aikinka."

Ya daɗe yana kallon gorar. Azarar nan daga dabinon gonar ubansa ya saro ta, shi da abokansa suka ɗauko a kafaɗa, kuma duk baƙon da ya taɓa zama a ɗakin ya ji labarin. Sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna mata bango na gabas, ya karkata tafin hannu yana nuna inda itace ke shiga laka. Daga can za ta fara, ba daga tsakiya ba, don kada rufin ya faɗo ta wajen ƙofa.

Ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Ta miƙa gorar ta soki kan azara ta uku a bangon gabas. Laujen ya shige kamar cikin burodi. Ta murɗa ta janyo, gari ya zubo, fararen ƙwari suka biyo shi kamar an zazzage buhu. Ta sake soka. A karo na huɗu ta ji ƙara kamar an taka busasshen kara, ta saki gorar ta ja da baya. Azarar ta sunkuyo a hankali, ta tsaya kamar mai shawara, sannan ta tafi, ta ja biyu na kusa da ita, laka da ƙiraren rufi suka biyo baya gaba ɗaya. Ƙura ta fito ta ƙofa ta cika tsakar gida. Akuya ta tsinke igiya.

Da ƙurar ta lafa, rana tana haska cikin ɗakin. Gadon ya karye gida biyu, tulin laka ya kai ƙugun mutum a daidai inda ƙirjin tsohon yake zama.

Haka Dahi ya tarar, shi da mutum biyun da ya taho da su, da wasu goma da ƙarar ta janyo. Ya ruga rumfa tukuna, ya taɓa fuskar ubansa, ya taɓa hannunsa. Sannan ya je ƙofar ɗakin. Ya sunkuya ya ɗauki guntun azara mai kaurin cinya, ya ɗaga shi da hannu ɗaya ba nauyi, ya matsa, ya marmashe a tafinsa. Ya ga gorar a ƙasa, rabinta a ƙarƙashin laka. Ya dubi yayarsa.

Dattawa suna ta salati. Wani ya ce ikon Allah, dubi yadda aka fitar da bawan Allah a daidai ranar. Wani ya ce Gabir dama mutum ne mai tsarkin zuciya. Shahhat maƙwabci ya tsaya a kan tulin, fararen ƙwari suna bin yatsun ƙafarsa, ya kakkaɓe su yana cewa ginin laka dama kwanansa ƙidayayye ne. Babu wanda ya ambaci sunan abin. Bayan an sha shayi kowa ya koma gidansa, ya zauna ƙarƙashin azararsa.

Da tsakar gida ta yi shiru, Dahi ya matso kusa da Badriyya, yana goge tafinsa a jikin riga.

"Za mu ce da kansa rufin ya faɗo."

"Ka ce abin da ka ga dama," ta ce. "Kama min ƙafafunsa mu gyara masa kwanciya, rana ta juyo."

Ya kama.

Yanzu saura kai. Ajiye takardar nan, ɗauki wuƙa, hau kan kujera ka soki itacen da ke saman kanka, a inda ya shiga bango. In ta shige, kada ka jira kaka, kada ka jira wanda zai sha shayinka ya kwantar maka da hankali. Fitar da duk wanda ke kwana a ɗakin yau, kafin ka ci abinci, sannan ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinka ka faɗa masa da babbar murya cewa gara ce, ya tashi ya duba nasa.